Ina tsofaffin jiragen dakon jiragen yaƙi suke samun kayan gyara?

Tambaya: Na karanta cewa Brazil ta yi amfani da wani jirgin ruwa mai ɗaukar jiragen sama, wanda aka ƙera tun lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, har zuwa 2001. Ta yaya jirgin da aka zana don jirage masu farfela ya iya ɗaukar jet? Kuma idan wani abu ya lalace a cikinsa, alhali an daɗe da daina ƙera irinsa, ina ake samun madadinsa?

Amsa: Abin da ka karanta gaskiya ne, ɗan'uwa. Sunan jirgin Minas Gerais. A Birtaniya aka ƙera shi, ya fara aiki a watan Janairun 1945 da sunan Vengeance, ya yi zaman aro a hannun Ostareliya, Brazil ta saye shi a 1956, ba ta ajiye shi ba sai a watan Oktoban 2001. Ni sana'ata kula da tukwanen tururi ce a masana'anta, kuma ta wannan ƙofar na shiga karatun tarihin waɗannan jirage. Shi ya sa zan gaya maka tun daga farko cewa tambayoyinka biyu a wuri guda suke haɗuwa, wato ɗakin injin da ke can ƙasan jirgin. Ido yakan tafi ga jiragen yaƙin da ke jere a sama, amma abin da ke yanke wa jirgin dako tsawon kwana shi ne lafiyar tururinsa, sai kuma ko yana da 'yan'uwan da za a ciro masa kaya daga jikinsu.

A 1942 Birtaniya tana cikin tsananin buƙatar jiragen dako, manyan wuraren ƙera jiragen yaƙi kuwa sun cika maƙil da aiki. Sai aka zana ƙarami mai sauƙin ƙira, wanda kamfanonin da suka saba da jiragen kasuwanci za su iya yi: babu sulke mai kauri, tsawo kamar mita 212, tukwanen tururi huɗu, farfela biyu, gudu kimanin kilomita 46 a awa. Niyyar ita ce ya yi shekara uku, ko ya ga ƙarshen yaƙin, shi ke nan. An ɗora harsashin guda 16, aka kammala 15: goma na zubin Colossus, biyar na zubin Majestic da aka ɗan ƙara wa ƙarfi. Da yaƙi ya ƙare sai Birtaniya ta tashi da jirage fiye da buƙatarta, ta shiga sayarwa da ba da aro. Faransa, Holan, Kanada, Ostareliya, Ajantina, Brazil da Indiya duk sun samu. Ka riƙe wannan lissafin, zan dawo kansa.

A watan Disamban 1945 matuƙi Eric Brown ya sauke jet a kan ɗaya daga cikinsu, mai suna Ocean, karo na farko a tarihi da aka yi haka. Saukar ta yi kyau, amma ta tona matsalar da za a sha fama da ita shekaru. Jet ya fi mai farfela nauyi, yana sauka da gudu mai yawa, kuma injinsa na wancan zamani ba ya amsa kira nan take, sai matuƙi ya ba shi wuta ya jira daƙiƙoƙi kafin ƙarfi ya zo. Ga dandamalin sauka miƙaƙƙe ne sambal, daga baya zuwa gaba. Jirgi zai zo ta baya, ƙugiyar da ke wutsiyarsa ta kama ɗaya daga igiyoyin ƙarfen da aka shimfiɗa a gicciye. In ta kuskure, a gabansa akwai shingen waya, a bayan shingen kuma sauran jirage ne a jere, cike da mai. An yi asarar rayuka da yawa a haka.

Dabaru uku suka warware wannan ƙulli, dukansu daga Birtaniya, cikin 'yan shekarun farko bayan 1950. Ta farko ita ce karkatar da layin sauka, shawarar da Kyaftin Dennis Cambell da injiniya Lewis Boddington suka kawo a 1951. A maimakon jirgi ya nufi goshin jirgin dako, sai a karkata layin zuwa hagu da 'yan digiri kaɗan, ta yadda in ƙugiya ta kuskure, gabansa sarari ne, ya ƙara wuta ya tashi ya sake zagayowa. An fara gwadawa da fenti kawai a kan jirgin Triumph a 1952, Amurkawa kuma suka gina na gaske a kan jirginsu Antietam a ƙarshen shekarar. Ta biyu ita ce madubin sauka na Nicholas Goodhart: haske da madubi a gefen dandamali, matuƙi ya ga ɗigon haske ya san ko ya yi sama da yawa ko ya yi ƙasa, ba sai ya jira mai ɗaga masa alluna ba.

Ta uku ita ce wadda nake so mu tsaya a kanta, majaujawar tururi. Kafin ita, ana harba jirage ne da injin da ke aiki da matsin mai da igiyoyi, wanda ya kai iyakar ƙarfinsa, ga shi kuma da haɗari. A ranar 26 ga Mayun 1954 man irin wannan majaujawa ya kama da wuta a cikin jirgin Amurka mai suna Bennington, mutum 103 suka mutu. Injiniya Colin Mitchell ya zo da wata hanya: dogayen bututu biyu a ƙarƙashin dandamali, kowanne da tsaga a samansa daga farko har ƙarshe, fistin a ciki, an haɗa fistin ɗin da abin da ke jan jirgin ta cikin tsagar. Gwanintar tana wajen wani siririn ƙarfe mai lanƙwasuwa da ke toshe tsagar, fistin yana ɗaga shi ya wuce, ya sake kwanciya a bayansa, don kada tururi ya tsere. An gwada ta a kan jirgin Perseus daga 1950, Amurka ta gani ta ɗauka. To amma daga ina tururin yake fitowa? Daga tukwanen da ke juya farfelar jirgin. Kowane harbi yana zuƙe tururi mai yawa a cikin daƙiƙa biyu ko uku, kuma wannan tururin ba ya dawowa, ya tafi iska. Dole a maye gurbinsa da ruwa mai tsabta, wanda shi ma sai an dafa ruwan teku da tururi an tace shi. Sannan a daidai lokacin da majaujawa take neman tururi, a lokacin ne jirgin yake buƙatar cikakken gudu yana fuskantar iska, domin iskar da ke kaɗawa a kan dandamali tana cikin abin da ke ɗaga jirgin sama. Ka ga ke nan an ɗora wa tukwanen da aka yi don shekara uku kaya biyu a lokaci guda, kuma aka ce su yi ta ɗauka shekara arba'in.

Da haka Minas Gerais ya iya abin da ba a haife shi don shi ba. Daga 1957 zuwa 1960 yana Rotterdam ana sake masa fasali: layin sauka mai karkatar digiri 8.5, majaujawar tururi, madubi, sababbin igiyoyin tsayarwa, aka kuma sauya masa tsarin lantarki. Sai dai akwai abin da gyara ba ya canzawa. Tsawon jiki, tsayin ɗakin ajiyar jirage, da ƙarfin injin, waɗannan ranar zane aka yanke su. Shi ya sa duk ƙasashen da suka riƙe waɗannan ƙananan jirage suka ƙare a kan ƙananan jiragen yaƙi irin su Skyhawk, Sea Hawk da Tracker. Manyan ƙasashe ma sun ɗanɗana kuɗarsu wajen sabunta tsoho. Gyaran Victorious na Birtaniya ya ci daga 1950 zuwa 1958, kuɗinsa ya tashi daga fam miliyan 5 zuwa miliyan 30, kuma ɗaya daga dalilan shi ne sai da aiki ya yi nisa aka gane tukwanen tururinsa ba za su kai ba, aka koma aka buɗe abin da aka riga aka rufe. Na Midway a Amurka, 1966 zuwa 1970, ya tashi daga dala miliyan 88 zuwa 202, har aka fasa yi wa ɗan'uwansa Franklin D. Roosevelt irinsa.

Yanzu ga batun kayan gyara. Ba duka ne ke da wahala iri ɗaya ba. Akwai na yau da gobe: igiyar tsayar da jirgi, wadda ake cirewa bayan sauka ɗari da 'yan kai ko da ido bai ga aibinta ba, bututun cikin tukunya, bulon da ke jure wuta, fakin da ke hana yoyo. Waɗannan duk ƙasar da ke da masana'antar ƙarfe za ta iya yi ko ta saya. Akwai na tsakiya, famfuna da bawul da janareta, waɗanda za a iya sassaƙa sababbi in akwai zanen asali da ƙwararren maƙeri. Nan ma da sauran rina a kaba, domin jiragen Birtaniya na lokacin da inci aka auna komai nasu, zaren notinsu ma daban yake da na Amurka da na sauran Turai. Na taɓa shafe kwanaki ina neman noti ɗaya na wata tsohuwar tukunya 'yar Ingila, a ƙarshe sai sassaƙa shi muka yi, kuma tukunyar ba ta kai ko kusa da girman ta jirgin ruwa ba. Ka auna wannan a kan jirgin da ke da dubban bawul.

Sai kuma na uku, inda gizo yake saƙa: gangar tukunyar tururi, manyan giyar da ke rage gudun injin kafin ya isa farfela, sandar farfela, farfelar kanta, bututun majaujawa. Waɗannan sau ɗaya ake yin su, a masana'antu ƙalilan a duniya, kowanne ya kan ci watanni ko shekaru, kuma ba wanda zai kunna makera don abu guda ɗaya sai da tsada mai ban tsoro. Mafita ita ce wadda kowane bakanike a Panteka ko Ƙofar Ruwa ya sani: a samo ɗan'uwan abin da ya mutu a yanka shi. Me ya sa Peugeot 504 ta daɗe a titunanmu bayan wasu motocin da suka fi ta tsada sun ɓace? Saboda an haɗa ta da yawa a Kaduna, duk inda ka juya akwai wadda za a ciro wa kaya. Wannan shi ne amfanin lissafin nan na jirage 16.

Na goma sha shidan, wanda ba a kammala ba, sunansa Leviathan. An dakatar da aikinsa a 1946, ya zauna a Portsmouth sama da shekara ashirin bai taɓa ɗaukar jirgin sama ko ɗaya ba. A shekarun 1960 aka ciro tukwanensa, waɗanda kusan sababbi ne, aka saka wa jirgin Holan mai suna Karel Doorman, shi kuma aka yanka gangar jikinsa a 1968. A shekarar ce gobara ta tashi a ɗakin injin Karel Doorman, Holan ta sayar wa Ajantina shi, ya koma Veinticinco de Mayo. Kanada ta ajiye Bonaventure a 1970, sassan majaujawarsa suka tafi Ostareliya aka sake gina ta Melbourne da su a 1971. Da Veinticinco de Mayo ya kwanta, kayansa ne suka taimaka wajen riƙe Minas Gerais. Ko Birtaniya kanta haka ta yi da manyan jiragenta biyu: ta ajiye Eagle a 1972, ta ɗaure shi a kogin Tamar kusa da Plymouth, tana ta ɗibar kayansa don Ark Royal ya ci gaba da aiki har 1978. Mutane da yawa a lokacin suna ganin Eagle ya fi lafiya, kuma ni ma ina ganin an ajiye wanda bai kamata ba.

In kana son ka ga abin da tsufan tukunya ke jawowa ranar da ake buƙatar jirgi, dubi Indiya da Ajantina. Vikrant, wanda Indiya ta karɓa a 1961, an gano tsaga a gangunan ruwan tukwanensa a 1970. Ba a iya yin irinsu a Indiya a lokacin ba, sai oda daga Birtaniya. Aka rufe tukunya ɗaya, aka taƙaita masa gudu zuwa kimanin kilomita 26 a awa, gudun da da ƙyar zai taimaka wa jet ya tashi. Da yaƙin 1971 da Pakistan ya tunkaro, injiniyoyinsa suka ɗaure tukwanen da madaurin ƙarfe, suka amince su yi aiki kusa da abin da suka san zai iya fashewa, aka ƙara masa gudu. A watan Disamba jiragensa suka kai hare-hare garuruwan Gabashin Pakistan ta lokacin, Chittagong da Cox's Bazar. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban tukunya mai tsaga tana cikin wuta ya san abin da mutanen nan suka ɗauka a ransu. Sai a gyaran da aka fara a 1979 aka sauya masa tukwanen.

Ajantina ba ta yi wannan sa'ar ba. A farkon watan Mayun 1982, lokacin yaƙin tsibiran Falkland, Veinticinco de Mayo ya matso kusa da rundunar Birtaniya da jiragen Skyhawk takwas a shirye. Sai iska ta kwanta, abin da ba a saba gani ba a wannan teku. Majaujawarsa gajeriya ce, mita 30 da 'yan kai, tsufa kuma ya rage masa gudu, don haka bai iya samar da iskar da za ta ɗaga jirage masu cikakken lodin bom da mai ba. Aka ɗage harin. A ranar 2 ga Mayu jirgin ƙarƙashin ruwa na Birtaniya ya nutsar da wani jirgin ruwan yaƙin Ajantina mai suna General Belgrano, jirgin dakon ya koma gaɓa, bai sake fitowa fagen yaƙin ba. Da injinsa yana da ƙarfin ƙara 'yan kilomita kaɗan a awa, da wataƙila labarin wannan safiya ya bambanta. Daga ƙarshen shekarun 1980 ya kwanta yana jiran sabon injin da bai zo ba, aka sallame shi a 1997.

Amurka ta fahimci wannan darasi ta fuskar yawa. Ta kammala jiragen zubin Essex guda 24, shi ya sa ɗayansu, Lexington, ya iya aikin horar da matuƙa har 1991. Na zubin Nimitz guda goma ne, an ƙaddamar da su tsakanin 1975 da 2009, masu samar da kayansu ba su taɓa rasa ciniki ba. Enterprise na 1961 kuwa shi kaɗai aka yi, da injinan nukiliya takwas, kuma kulawa da shi ta yi tsada har ranar da aka tsayar da shi a 2012. Duk da arzikinsu ba su bar ɗibar kayan tsoho ba: angar Forrestal na 1955 ta koma kan John C. Stennis, ta Enterprise ta koma kan Abraham Lincoln. Sabon jirginsu Gerald R. Ford, wanda ya bar tururi ya koma harba jirage da ƙarfin maganaɗisun lantarki, a 2021 sai da aka ciro masa wasu kaya daga ƙaninsa John F. Kennedy da ake kan ƙerawa, saboda shi ne na farko a zubinsa, ba shi da tsohon da za a yanka masa.

Misalin da na fi ba ɗalibai shi ne na Faransa. A watan Nuwamban 2000 sabon jirginta mai injin nukiliya, Charles de Gaulle, yana yammacin Tekun Atlantika sai fiffiken farfelarsa ta hagu ya karye ya faɗa ruwa. Da aka duba na ajiya aka tarar su ma suna da aibin zubi iri ɗaya. Abin da ya cece shi farfelun ajiya ne na tsofaffin jiragen Faransa na zubin Clemenceau, zanen shekarun 1950. Aka ɗaura masa su, gudunsa ya ragu daga kimanin kilomita 50 a awa, ya yi shekaru a haka, sai a babban gyaran 2007 zuwa 2008 ya samu sababbi.

A wannan shekarar ta 2000 ce Brazil ta sayi Foch daga Faransa don ya gaji Minas Gerais, ta sa masa suna São Paulo. A takarda ciniki ne mai kyau: ya fi girma nesa ba kusa ba, ya fi gudu, majaujawa biyu gare shi. Amma su biyu rak aka ƙera, ɗan'uwan nasa Clemenceau kuwa an ajiye shi tun 1997, an riga an ɗebi kayansa don shi Foch ɗin, Faransa kuma ta juya hankalinta ga nukiliya. Brazil ta karɓi maraya ne mai shekara kusan arba'in. A watan Mayun 2005 bututun tururi ya fashe a cikinsa ya kashe ma'aikata, ya shafe shekaru a wurin gyara, gobara ta sake tashi a 2012, zamansa a tasha ya ninka fitarsa teku. A 2017 rundunar ta sanar cewa ta haƙura. Aka sayar da shi ga masu yankan jirage a Turkiyya, Turkiyya ta hana shi shigowa a 2022 saboda asbestos ɗin da ke lulluɓe da bututunsa, wanda ke jawo cutar huhu, ya yi watanni ana jansa a teku ba tashar da ta yarda ta karɓe shi. A ranar 3 ga Fabrairun 2023 sojojin ruwan Brazil suka nutsar da shi a Atlantika, kimanin kilomita 350 daga gaɓa.

Shi kuwa Minas Gerais, da aka ajiye shi a 2001 shi ne na ƙarshe a cikin goma sha biyar ɗin da ke aiki. Melbourne ya tafi ƙasar Sin tun 1985, inda injiniyoyi suka yi nazarin majaujawarsa da igiyoyinsa kafin a gama yanka shi. Vikrant ya yi zaman gidan tarihi a Mumbai har 2012. An yi yunƙurin mayar da Minas Gerais Birtaniya a adana shi, kuɗi ba su haɗu ba. A 2004 aka ja shi zuwa Alang a gaɓar Indiya, inda aka yanka Veinticinco de Mayo 'yan shekaru kafin nan, kuma a wannan karon babu sauran wani jirgi a teku da kayansa za su yi wa amfani.